Injin da Na Zaɓo wa Surukina

Bari in faɗa da bakina tun ba a yi nisa ba, kada wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba Baturen ba ne, ba mazauna bakin kasuwa ba ne, balle marigayin. Ni ne, da shekara ukuna na lakwal, wato makarantar boko, da fensirina a bayan kunne. Mai son dariya ya yi, an daɗe ana yi, ga ni nan ban mutu ba.

Surukina ya rasu ranar Talata da hantsi, yana zaune a bakin zaurensa, an kawo masa kunu bai kai ga sha ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Shekarunsa ba wanda ya san iyakarsu. Ni dai lokacin da na auri ƴarsa akwai furfura a gemunsa, yau kuwa ko a nawa gemun ba a samun baƙi ɗaya na shaida.

Zaman makokin ya cika. Wata tsohuwa ta zo daga Icirnawa a bisa amalanke, ta ce gadon da ya ɗaura mata na aure har yau a kansa take kwana, ƙafa ɗaya ce kurum ta tokare da dutse, ita ma laifin gara ne, ba nasa ba. Liman ya ce tunda yake bai taɓa ganin marigayi a sahu na biyu ba. Ladan ya sunkuyo ya ce mini a kunne, ai daga sahun baya ba ya jin karatu ne, shi ya sa. Ƙanin matata kwana uku ya yi ta gyara tabarmin da ba su karkace ba. Can sai ga wani tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, daga Kance, yana dogara sanda, ya durƙusa da ƙyar ya yi gaisuwa, ya ce, "Ashe Mai Jirgi ya tafi."

Ɗaya daga cikin jikokin marigayin, mutum da gemunsa, har yana koyarwa a lakwal, ya matso kusa da ni ya ce, "Baba, wai don ya je Makka a jirgi ne ake ce masa haka?"

Na dube shi. Marigayin da ko mota ba ya shiga sai an yi masa rantsuwa cewa babu nisa. Tambayar nan ta fi komai tsaya mini a rai cikin kwanakin, don na gane cewa in mu biyu ko uku da muka rage muka bi shi, sunan zai zauna ba labarinsa. Shi ya sa na nemi takarda. In an ga rubutun ya karkace, a tuna shekara uku ce.

Sana'arsa tukurwa. Ana kawo masa ita daga kudu ta Ɗan Barto, ya tsaga, ya fere, ya ɗaura gado, da ƙofa, da kejin tantabara. Yana da wata ɗabi'a da duk Matameye ta sani: ba a miƙa masa abu ya kalle shi da ido. Sai ya aza shi a tafin hannu, ya ɗaga sau biyu, ya ce, "Bari hannu ya ji tukuna." Goro, wuƙa, kankana, duk haka. An taɓa miƙa masa jariri ranar suna, ya ɗaga shi sau biyu ya ce a ƙara wa uwar kunun kanwa. Kuma ba ya son a yi masa bayanin abin da ya riga ya gani, shi ma ba ya yi wa kowa. A wurinsa, ka yi wa babban mutum bayani dalla-dalla, ka zage shi ne.

Abin ya faru ana saura ƴan shekaru Faransa ta tafi. Ni a lokacin ina malamin sikeli a wurin awon gyaɗa, ina rubuta kilo a littafi, ina jin kaina kamar ƙanin kumandan, Baturen mulki. Shekarata biyu da aure, ban taɓa kallon tsakiyar idon surukina ba. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa a gefe, shi kuma ya wuce yana amsa gaisuwa da fuskarsa wajen katanga. Duk maganar da za ta shiga tsakaninmu sai ta bi ta bakin ƴarsa. Ita ma da yake ƴar fari ce ba ya kiran sunanta, sai dai "Ke". Ni kuwa sunana a bakinsa "mijinki", in an yi mini karamci "malamin sikeli".

Baturen da nake aiki a ƙarƙashinsa saurayi ne, ba mata, ba abokin hira, sai wani ɗan jirgin wasa da ya zo da shi a akwati. Fiffikensa bai fi kamu biyu ba. A hancinsa akwai inji ɗan mitsitsi mai farfela, a fiffike ɗaya kuma an ɗaura waya biyu sirara masu tsawo, suna zuwa ga wani mariƙi. Mutum zai tsaya a tsakiyar fili ya riƙe mariƙin, jirgin ya tashi yana kewaya shi, shi ma yana juyawa tare da shi. In ya karkata hannu sama jirgin ya hau, in ya karkata ƙasa ya sauko. Da la'asar yake yi, a filin bayan tarin buhuna. Wata rana ya karkata hannun fiye da kima, jirgin ya caki ƙasa, fiffike ya karye gida biyu. Ya zauna yana kallonsa kamar an yi masa rasuwa, don irin itacen da aka yi shi da shi sai ƙasarsu.

Na ɗauki karyayyen fiffiken na ji ba nauyi, sai tukurwa ta faɗo mini a rai. Wannan ita ce dabara ɗaya tak da na yi a labarin nan, a rubuta mini ita. Na ba matata, ta kai wa ubanta. Bayan kwana huɗu fiffiken ya dawo a ɗaure, ba ka gane inda ya karye sai ka kanga shi a rana. Baturen ya ce a tambayi tsohon me yake so. Amsa ta dawo: a bar masa jirgin ya kwana biyu a wurinsa, hannu ya ji.

Daga nan fa aka shiga uku. Surukina ya fara ɗaura nasa jirgin. Ya tsaga tukurwa siriri kamar tsinken tsire ya yi haƙarƙarin fiffike. Ya karɓe wani tsohon kallabi mai shara-shara na Inna, surukata, ya lulluɓe shi da shi, ya manne da ƙaro, ya shafe da wani man goge da Baturen ya aiko masa. Inda inji zai zauna ya sa ƙirya. Ƙarfen da ke ɗaga wutsiya ya ciro shi daga tayar wani mataccen keke. Wata biyu yana wannan aiki, gadajen mutane na jingine a bango ba ƙafa.

Gari ya samu abin taunawa. In ya zo wucewa ta bakin kasuwa sai ka ji wani ya ce, "Mai Jirgi, yaushe ne tashin? A ajiye mini wuri kusa da taga." Wani ya ce a tambaye shi ko ana shiga da akuya. Sunan nan da ake faɗa yau da ladabi, da ba'a ya fara. Wani attajiri da ya ba shi aikin gadon ƴarsa ya aiko a karɓe tukurwar ya kai wa wani. Sannan wansa, wanda shi ne babban gidansu, ya zo har zaure ya tsaya a kansa. Matata tana cikin gida ta ji komai.

"Kai da furfura, ka zauna kana wasan da yara ke yi da kara? Ana nuna ni da baki a masallaci."

"Yaya, ba kara ba ne."

"To mene ne?"

"Tukurwa ce."

"Ina maka maganar mutunci kana mini maganar tukurwa."

Surukina ya ci gaba da fira da wuƙarsa, can ya ce, "Kafin ruwan farko ya sauka zai tashi. In bai tashi ba, ka zo ka sa shi a murhu da hannunka, ni kuma ba zan ƙara taɓa irinsa ba."

Wan ya ce ya ji, kuma ya fita ya faɗa wa duk wanda ya gamu da shi. To ka ga inda magana ta tsaya. Mutumin da bai taɓa faɗin abu ya kasa ba ya aza girmansa na shekara hamsin a kan kallabin matarsa da tsinken tukurwa. Kuma jirgin ba shi da inji.

Ana cikin haka awon gyaɗa ya ƙare, aka yi wa Baturen canjin wuri. Ya kira ni ya ce yana da inji uku, zai bar wa tsohon guda, in zo ran Litinin in zaɓa, shi ran Juma'a zai tafi. Na aika wa surukina da albishir. Kwana uku shiru. Ran Lahadi da yamma matata ta dawo daga gidansu ta miƙo mini wani ɗan ƙulli a tsumma, an ɗaure bakinsa tam da zare, bai kai ƙwan zabuwa ba.

"Baba ya ce ka tafi da wannan."

"Me kuma ya ce?"

"Ya ce in ka gani ka san abin yi."

Na juya ƙullin. Na matsa na ji abu ƙwaya-ƙwaya a ciki. Yanzu ina roƙon mai karatu ya yi mini adalci. Dattijo ya aiko maka da ƙulli a tsumma, a daren da za ka je neman abu wurin Bature, ya ce ka san abin yi. Me za ka ɗauka? Ni dai na ce a raina, ashe tsohon nan yana taɓa ɗan abin nan bai taɓa nunawa ba. Kunce shi ban yi ba, don kowa ya san ba a kunce irin wannan. Aikawa in tambaya kuwa, yaya za a yi in tambayi surukina sirrinsa? Na sa shi a aljihun dama, na yi bisimilla.

Na tarar da Baturen cikin akwatuna, ana buga musu ƙusa. Ya shimfiɗa tawul a tebur ya jera injunan uku, kowane da lambarsa a jikin kwalinsa. Na farko bai fi babban yatsana ba, an rubuta sifiri da waƙafi da takwas. Na biyu ɗaya da rabi. Na uku ƙato, yana ƙyalli, kansa ja, an rubuta biyar.

Ƙaramin ko kallo na biyu ban yi masa ba. Ni da na yi lakwal na san sifiri, a kansa aka yi ta dukana shekara uku. Kuma wane irin ɗa ne zai ɗauki abu mafi ƙanƙanta ya kai gidan surukai? Ko goro za ka kai, manyan ƙwaya kake zaɓa. Na nuna mai jan kai.

Baturen ya ce, "Jirgin tsohon, nauyinsa nawa?"

Na ce, "Babba ne, Mushe," don haka ake kiran Turawan Faransa.

"Fiffikensa ya kai nawa?"

Ban taɓa ganin jirgin ba, tunda ba na shiga zauren. Na buɗe hannuwana iyakar buɗewa.

Ya ce wannan injin yana ja kamar doki, yana son jirgi mai ƙwari da waya mai tsawo, ko shi da kansa tsoronsa yake. Ya ce na tabbata? Na sa hannu a aljihu na matse ƙullin. Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya turo mini kwalin. Na fito ina cewa a raina, kai, abin tsohon nan yana ci. Don godiya ma ban tsaya ba sai wurin baduku, na ce ya rufe mini ƙullin da jar fata ya sa masa igiya. Na ɗaura shi a damtse.

Na naɗe injin a sabon ƙyalle, matata ta kai. Da ta dawo na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce an gode, Allah ya yi albarka."

"Shi ke nan?"

"Ya daɗe da shi a hannu."

Talata shiru. Laraba da azahar ta ce mini Baba bai ci tuwon jiya ba, kuma ya fara tsaga sababbin tukurwa dogaye, ragowar da ya ajiye don gadon wani. Na ce me zai yi da su? Ta ce wani jirgin zai ɗaura, babba. Na leƙa waje na dubi gabas. Zafi ya riga ya kai inda yake kaiwa in ruwa ya kusa, wanda ya yi wata biyu yana ɗaura ƙarami kuwa ba zai gama babba a wata ɗaya ba. A nan ne jikina ya fara ba ni cewa wani abu bai zauna daidai ba.

Na sa ta a gaba muka tafi. Na tuɓe takalmi na durƙusa a bakin zaure, fuskata wajen bango. Shi yana ciki, fuskarsa wajen ɗaya bangon. Ita tana tsakiya. Da wutsiyar ido na ga jirgin karo na farko, ɗan siriri, fulawowin kallabin Inna suna nan a fiffikensa. Ya ɗaura masa injina a hanci da zare. Ya sa yatsa biyu a ƙarƙashin fiffike ya ɗaga, sai jirgin ya kifa kai ƙasa kamar mai neman gafara. Ya sake, ya sake kifawa.

Na yi gyaran murya na ce wa matata, "Ki gaya wa Baba, a ganina in aka ɗaura ɗan dutse a wutsiya zai daidaita."

Tsakaninmu da shi bai fi taki uku ba, amma ta juya ta ce, "Baba, wai a ɗaura dutse a wutsiya."

"Ke, ce masa na ji. Ce masa fiffiken da aka yi don ya ɗauki tantabara, an aza masa dinya, yanzu kuma a ƙara masa dutse."

"Ki ce masa a takarda an rubuta biyar, kuma biyar ta fi ƙarfi."

"Ce masa tukurwa ba ta yi lakwal ba. In wannan ya tashi, hancin zai tafi Damagaram ya bar fiffiken a nan."

Wannan shi ne faɗa mafi zafi da muka taɓa yi da shi, kuma ba wanda ya kalli wani. Can ya ce, a hankali, "Ke, tambaye shi, saƙon da na aika ya isa?"

Na ce, "Ki ce ya isa, kuma ya yi aiki. Baturen ko gardama bai yi ba."

"Aiki kamar yaya?"

Sai na naɗe hannun riga na nuna damtsena, da jar fata sabuwa fil.

Ya juyo, karo na farko tunda na san shi, ya kalli damtsen nan. Ya mai da fuska bango. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ya miƙe da sauri ya shige cikin gida, don kada ya yi dariya a gaban surukinsa. Jim kaɗan sai na jiyo Inna daga ciki, ita kam ba ta da wannan nauyin, har tana buga turmi da hannu.

Matata ta zauna dirshan a ƙasa ta ce, "Malam, tsakuwa ce."

"Wace irin tsakuwa?"

"Ta bakin rijiya. Kwana uku yana rataya ta a hancin jirgin, ya ƙara ɗaya, ya rage biyu, har jirgin ya zauna daidai a kan yatsunsa. Nauyin injin da zai iya ɗauka ke nan. Cewa ya yi ka auna, wanda ya zo daidai ka ɗauko."

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Na ce masa in yi maka bayani? Ya ce a'a, mijinki malamin sikeli ne, awo ne aikinsa, kada a raina shi."

Na sha zagi a duniya, amma ban taɓa jin wanda ya yi mini ciwo kamar wannan girmamawa ba.

Da yamma ya aiko ta da saƙo, wai kada in koma wurin Baturen. An ba mutum kyauta ya zaɓa da hannunsa, ba ya komawa ya ce a canza masa, za a yi da shi a gari. Shi zai ɗaura babban, in ruwa ya riga shi, ya riga shi. Ka ji fa. Ya gwammace wansa ya ƙona masa jirgi a gaban jama'a da a ce mijin ƴarsa ya yi abin kunya. Alhamis na wuni ina jujjuya maganar nan, ina fita ina komowa. Na kai ƙofar Baturen sau biyu ina juyawa.

Ran Juma'a da sassafe na tafi. An riga an ɗaure kaya a kamiyo, direba ya ta da mota. Na tsaya a gaban Baturen na miƙa masa mai jan kai, na ce ƙarami nake so. Ya ce me ya faru? Na ciro wuƙa na farke jar fatar, don ita ma tana da nata nauyin, na nuna masa ƙullin, na faɗa masa gaskiya, ban da zancen baduku, wanda ya gani da idonsa. Ya sa aka kwance igiya aka sauke akwatuna huɗu kafin a kai ga wanda ake nema. Direban nan na Kance da ya zo gaisuwa, shi ne a motar. Abin da ya kira ni a ranar ba zai rubutu a takardar ta'aziyya ba.

Muka shiga buro, wato ofishinsa, inda akwai ɗan sikelin auna wasiƙa. Aka aza ƙullin, aka duba. Aka aza mai ɗaya da rabi, ya rinjaya. Aka aza mai sifirin nan da farfelarsa da ɗan tankinsa, allura ta tsaya inda ta tsaya wa tsakuwa, ko gashi ba ta kauce ba. Baturen ya daɗe yana kallo. Ya ce wa ya koya wa tsohon inda ake sa yatsa a fiffike? Na ce ba kowa. Ya buɗe akwatin ya ƙara mini waya, gajeru, ya ce ƙaramin inji ba ya iya jan dogaye, in suka yi sako-sako jirgin zai faɗo kan mai riƙo. Ya ba ni wata kwalba ta ruwan nan mai wari na gidan likita da ake sa majiyyaci barci da shi, ya ce a haɗa shi da kananzir da man zurma, kashi ɗaya-ɗaya. Zurma kuwa ga ta nan a bayan kowane gida. Inna ce ta daka ta tatse man, tana yi tana tambaya ko a ɗinka masa fata shi ma.

Da injin ya isa hannunsa, an ce ya ɗaga shi sau ɗaya kurum. Sati guda yana koyon ta da shi. Ana kaɗa farfelar da yatsa ne, ana murɗa wani ɗan ƙarfe a kansa kaɗan-kaɗan har ya kama. Ya sare masa yatsa sau uku. Ya ƙi a taimake shi, yana cewa abin yana magana, shi ne bai iya ji ba tukuna.

Ranar da aka sa, bayan la'asar, hadari ya riga ya fara leƙowa daga gabas. Filin bayan wurin awo ya cika, har da masu neman wuri kusa da taga. Wansa ya zo da ashana a aljihu, yana nuna wa mutane. Mata suna leƙe ta saman dangogi. Sai a nan muka ga matsalar da ba wanda ya yi tunaninta: dole wani ya tsaya a tsakiya ya yi ta juyi, dattijo kuwa ba zai yi haka a gaban gari ba, ga shi kuma ba ƴarsa a filin da za ta kai saƙo. Ya miƙe wayoyin a ƙasa, ya duba su ɗaya-ɗaya. Ya ɗauki mariƙin da ya sassaƙa, ya tako har inda nake durƙushe, ya miƙo mini.

"Riƙe," in ji shi. Da ni yake, ba da kowa ba. "Kada ka dubi ƙasa, kada ka dubi mutane. Shi za ka duba."

Ya koma ya tsuguna a bayan jirgin. Ya kaɗa, shiru. Ya kaɗa, ya yi tari ya mutu. Wani ya yi dariya. Ya murɗa ɗan ƙarfen, ya kara kunne, ya kaɗa na uku, sai abin ya ɗauki kuka, siriri, kamar zanzaro ya shiga tulu. Ya saki wutsiya.

Ya ruga a ƙasa kamar zabuwa, taki goma, sai na ji waya ta yi tauri a hannuna. Ya tashi. Kallabin Inna yana sama, rana tana ratsa shi. Ja yake, amma a hankali, kamar yaro ya kama maka yatsa. Da mai jan kai ne, da ni da jirgin da an tsince mu a gonar wani. Na yi ta juyi. Duk kewayen da na yi sai in hango shi a tsugune inda na bar shi, tafin hannunsa a buɗe, yana ɗaga shi sama da ƙasa. Ban san sau nawa na juya ba. Mai ya ƙare, kukan ya ɗauke, jirgin ya sauko a hankali ya ja ciki a rairayi ya tsaya, ko tsinke bai karye ba. Ni ne na faɗi.

Ina kwance duniya tana kewaya ni na ji wansa yana cewa, "To. Ya tashi." Ya ƙara da cewa, "Ɗan wannan abin ne ya ɗaga shi?"

Surukina ya ce, da ƙarfin da kowa zai ji, "Mijin yarinyar nan ne ya zaɓo shi. Aunawa ya yi."

Bai taɓa ba kowa labarin jar fata ba har ya koma ga Allah. In ka ji shi a gari, daga bakin Inna ya fita, ita ma Allah ya jiƙanta, ba ta bar gidan suna ko na biki ba ta kai shi ba.

Mun tashi jirgin rani biyu, har kwalbar nan ta ƙare. Daga nan ya rataye shi a azarar zaure ya koma ga gadajensa, attajirin nan ma ya dawo da aikinsa ba tare da an ce komai ba. Bai ƙara ɗaura wani ba. An tambaye shi dalili ya ce abin da yake son ji ya ji. Kunyar da ke tsakaninmu ba ta tafi ba, ta dai yi laushi. Da tsufa ya kama mu duka biyu, nakan je in zauna a bakin zaurensa, shi yana kallon gabas ina kallon yamma, mu yi hira da hanya.

Jiya na karanta wa matata wannan rubutu. Tun ranar rasuwar ba ta yi wata doguwar magana ba, tana zaune tana tsince wake a faifai. Ta saurara har ƙarshe, ta share ido da bakin zane, ta gyara mini wuri biyu. Da na ga fuskarta ta ɗan saki sai na ce bari in ɗan karɓi haƙƙina.

Na ce, "Duk da haka dai ki yarda, ba don ni ba da an ƙona jirgin nan. Cikin garin nan kaf ni Baba ya zaɓa ya miƙa wa mariƙi. Ni ne matuƙin jirgi na farko a Matameye."

Ba ta ko ɗago daga faifan ba. Ta ce, "Malam, turke mai juyawa ya nema a kasuwa bai samu ba."